Mun juyo kafin mu kai ƙololuwa alhali rana tana tsaka: daidai na yi ko gaggawa?

Baban Amira:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Asabar, kuma ina roƙon waɗanda suka riga ni sanin hawan tsauni su duba mini shi. Ni da ƙanena mun nufi wasu tsaunuka da ba mu taɓa takawa ba, ko da yake mun daɗe muna hango su daga nesa. Gari ya waye garau, babu hazo, babu gajimare, har daga inda muka ajiye mota muna ganin ƙololuwar da muka nufa kamar mutum ya miƙa hannu ya taɓa ta. Mun kama hanya da ƙarfe 9:30 na safe, kowannenmu riƙe da ruwa lita ɗaya da rabi, taswirar da ke wayata kuma ta nuna tafiyar kilomita 6 ce zuwa sama, da hawan mita 600.

Sa'o'i biyun farko sun yi daɗi ƙwarai. Turbar ta ratsa dogayen ciyayi, sannan ta fito da mu kan wani falalen dutse mai faɗi inda ƙadangaru suke kwance suna shan hantsi. A wani wuri mun tsaya mun leƙa kwari, sai muka ga shaho yana shawagi a ƙasa da mu, muna kallon gadon bayansa, abin da ban taɓa gani ba tun da nake. To, a kan wannan falale ne turbar ta ɓace, domin dutse ba ya riƙe sawu. Muka ci gaba da hawa da ido kawai. Sau biyu muna isa inda muka ɗauka nan ne ƙarshe, sai mu tarar da wani tudun a gabanmu. Da ƙarfe 1:30 dutsen ya ɗauki zafin da ba a iya dafa shi da tafin hannu, ruwan da ya rage mana mu biyu bai wuce rabin lita ba, sai na ce mu juya. Ran ƙanena bai so ba, yana cewa saura sa'o'i biyar rana ta faɗi. A gangarowa muka iske wata mararraba da ba mu lura da ita ba lokacin hawa, muka bi hannun da ba shi ba na tsawon minti ashirin kafin mu gane. Mun iso mota da ƙarfe 4:45, ruwa kuwa ya ƙare tun kafin nan da sa'a guda. Har yau yana ganin mun yi asarar ranar a banza. Shin daidai na yi, ko kuwa na yi gaggawa?

Safiyo:
Wa alaikumus salam, Baban Amira. Barka da dawowa lafiya. Tun da ka kawo lambobi, bari mu fara da su. Akwai wani lissafi da masu hawan tsauni suke aiki da shi tun 1892, wanda wani ɗan ƙasar Sukotland mai suna William Naismith ya tsara: a ba kowace tafiyar kilomita 5 sa'a ɗaya, sannan a ƙara sa'a ɗaya a kan kowane hawan mita 600. Idan aka ɗora hanyarku a kan wannan ma'auni, kilomita 6 za ta ci sa'a ɗaya da minti 12, hawan kuma sa'a ɗaya, wato ya kamata ku isa sama cikin sa'o'i biyu da minti 12, wajen ƙarfe 11:45. Ku kuwa kun yi sa'o'i huɗu ba ku kai ba. Wannan ba aibu ba ne, domin lissafin bai haɗa da hutu ba, bai haɗa da neman hanya ba, kuma an yi shi ne don mutum mai ƙarfi a kan turba mai kyau. Amfaninsa shi ne ya zama abin gwaji. Da zarar ka ga tafiyarka ta kusa ninka abin da ya faɗa, ka san cewa wurin ya fi yadda ka zata wuya, kuma duk abin da ka tanada, ruwa ne ko lokaci, ka tanade shi ne don rabin tafiyar da ke gabanka.

Game da tuddan da suka yi ta yaudararku, wannan halin tsauni ne mai ƙusumbi. Idan gangaren ya yi tsaye a ƙasa sannan ya kwanta a sama, mai hawa ba ya ganin komai sai kafaɗar da ke kusa da shi, ita kuma tana rufe abin da ke bayanta. Daga nesa ana ganin siffar tsaunin gaba ɗaya, amma da an hau jikinsa sai siffar ta ɓace. Abin da ke tona wannan tun kafin a fita shi ne layukan tsayi da ke kan taswira, wato layukan da ke haɗa wuraren da tsayinsu ɗaya. Inda suka matsu da juna hawan tsaye ne, inda suka wara ƙasa ta kwanta, kuma idan ka ga sun matsu, sun wara, sun sake matsuwa, to ka san akwai kafaɗa a wurin wadda za ta yi maka kama da ƙololuwa.

Ɗan'auta:
Ina neman afuwar manya, amma ni ina tare da ƙanen Baban Amira. Idan ba a ranar da gari ya yi haske irin wannan ba, yaushe ne mutum zai gwada sabon wuri? Abin da ke halaka mutane a tsauni shi ne hazo da ruwan sama da duhu, kuma babu ko ɗaya a cikinsu a wannan rana. Na taɓa karanta binciken da wasu masana na Cibiyar Max Planck da ke Jamus suka fitar a 2009, inda suka sa mutane su yi ƙoƙarin tafiya a miƙe a cikin wani daji a Jamus da kuma cikin Sahara a Tunisiya, suna bin sawunsu da na'ura. Waɗanda suka yi tafiya a dajin ranar da gajimare ya rufe rana sun riƙa zagaye suna komawa inda suka wuce ba tare da sun sani ba, waɗanda kuma suke ganin rana sun tafi kusan a miƙe. Ke nan rana abokiyar tafiya ce. Kuma ina jin tsoron kada yawan lissafi ya kashe abin da ke fitar da mu daga gida tun farko. Daɗin sabon wuri shi ne ba ka san abin da ke bayan tudu ba. Idan sai na auna komai a takarda kafin in taka, me ya rage da zan gano?

Safiyo:
Ƙanena, binciken da ka kawo gaskiya ne, kuma na ji daɗin da ka kawo shi. Sai dai ka lura da abin da ya tabbatar. Ya nuna cewa rana tana taimakon mutum ya miƙe, a tsauni kuwa miƙewa ba ita ce matsalar ba. Baban Amira bai rasa inda motarsa take ba, wataƙila ma yana hango ta. Abin da ya rasa shi ne hanyar da ƙafa za ta iya bi zuwa can, domin tsakaninsa da ita akwai kwazazzabai da wuraren da dutse ya yanke, waɗanda ba a ganinsu daga sama sai an zo bakinsu. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma ban san inda wannan magana ta fi dacewa ba kamar a kan tsaunin da mutum bai sani ba a ranar da ake hangen nesa.

Maman Sadiq:
Ni ma'aikaciyar lafiya ce, don haka abin da idona ya fara kai wa a labarin shi ne ruwan. Malam Ɗan'auta, ka lissafa hazo da ruwan sama da duhu, amma ka tsallake ranar kanta. Mutumin da ke hawa a cikin zafi yana iya zubar da zufar da ta kai rabin lita zuwa fiye da lita ɗaya a kowace sa'a. Waɗannan bayin Allah sun yi sa'o'i bakwai da kwata a waje da lita ɗaya da rabi kowannensu. A lokacin da suka juya, abin da ya rage wa kowane ɗaya kwatan lita ne, ga tafiyar fiye da sa'o'i uku a gabansu. Idan da abin da zan gyara wa Baban Amira, to shi ne ya makara wajen juyawa. Masu tafiya a wurare masu zafi suna da ƙa'ida mai sauƙi, cewa da ruwanka ya kai rabi, tafiyarka ta kai rabi, ko ka isa ko ba ka isa ba.

Akwai kuma wata yaudara da tsauni ke yi wa jiki. Iska tana ƙara sanyi da kusan digiri 6.5 a kowane hawan mita 1,000, saboda haka a mita 600 za ka ji sauƙin kusan digiri 4, ga kuma iska tana busar da zufa nan take. Sai mutum ya ɗauka ba ya zufa, alhali yana yi, bushewa kawai take yi kafin ya ji ta. Ƙarfin hasken nan mai ƙona fata, wanda ido ba ya gani, shi kuma ƙaruwa yake yi da kusan kashi 10 cikin 100 a kowane mita 1,000, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana. Wannan ya shafi kowane launin fata, kuma ya shafi ido, shi ya sa malafa mai faɗi da riga mai dogon hannu da tabarau suke cikin kayan aiki.

Alamomin da nake roƙon kowa ya riƙe su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ɗaurewar tsoka, da fitsari kaɗan mai duhu. Wanda ya ji waɗannan ya nemi inuwa, ya sassauta tufafi, ya sha ruwa kaɗan-kaɗan, kuma tafiyar sama ta ƙare a ranar. Amma idan abokin tafiyarka ya fara magana ba kan gado, ko yana tangaɗi, ko ya kasa gane inda yake, to zafi ya kai ga ƙwaƙwalwa, kuma a irin wannan hali zafin cikin jiki kan haura digiri 40. Wannan rai ne a hannun Allah: a jiƙa shi da duk ruwan da ake da shi, a yi masa fifita, a nemi taimako ba tare da jira ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wanda abin ya kama ba ya sanin ya kama shi, kuma sau da yawa shi ne zai fi kowa dagewa a ci gaba.

Ɗan'auta:
Hajiya, na karɓi maganar ruwa, ban da ja a kanta. To amma ke nan laifin na guzuri ne, ba na shiga sabon wuri ba. Da sun ɗauki lita uku-uku, ai da sun kai.

Dattijo:
Da sun kai, ɗana, amma da mararrabar nan tana jiransu duk da haka. Na shekara fiye da talatin ina yawo a tsaunuka, kuma yawancin ɓatan da na yi a gangarowa na yi shi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai hawa yana kallon gaba ne, kuma turbar da ta zo daga gefe ta haɗu da tasa ba ta tambayarsa komai, wucewa kawai yake yi. Sai ya juyo ne wannan haɗuwa take zama rabuwa, ta ce masa ya zaɓa, a lokacin da ya gaji, ga rana ta sauya wuri. Dutsen da ka wuce da hantsi inuwarsa tana yamma, da la'asar inuwarsa tana gabas, fuskarsa ta sake, ba za ka shaida shi ba. Abin da nake yi, kuma nake koya wa duk wanda ya bi ni, shi ne waiwaye. Duk inda turba ta karkata, ko ta haɗu da wata, ko ta hau falale ta ɓace, ina tsayawa in juya gaba ɗaya in kalli wurin yadda zan gan shi idan ina dawowa, in riƙe abu guda a raina, ko bishiya mai reshe biyu, ko dutse mai tsaga. Yanzu da ake da waya, hoto ɗaya na baya ya wadatar. Wannan ba ya cin minti guda.

Abu na biyu, kada wanda ya ɓata ya ce zai bi ƙorama ta kai shi ƙasa. Ruwa yana bin hanya mafi gajarta, kuma yana iya faɗowa daga inda mutum ba zai iya ba. Na taɓa bin wata busasshiyar ƙorama na kusan sa'a guda, ina dira daga dutse zuwa dutse, har na zo inda ta yanke a tsaye, tsayin da ya fi na mutum biyar. Komawar da na yi sama ta fi dukan hawan ranar wahala, domin wasu wuraren da na dira ba a hawa su da sauƙi. Tun daga ranar ba na dira inda ban tabbata zan iya hawowa ba.

Ita kuma rana da ake cewa tana nuna hanya, gaskiya ne, amma sai an san halinta. Ba ta fitowa daidai gabas sai wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba, sauran watanni tana karkata arewa ko kudu. Da tsakar rana kuma, musamman a ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya, tana kan kai, inuwa ta gajarce, ba ta nuna komai. A can ɗin ma idan ta faɗi, hasken da ke biyo baya bai fi na minti ashirin da 'yan kai ba. Don sanin abin da ya rage mini, nakan miƙa hannu in jera yatsu tsakanin rana da inda za ta faɗa, kowane yatsa kusan minti 15 ne. A kwari kuwa sai a tuna cewa rana tana faɗawa bayan tsauni tun kafin lokacin faɗuwarta da aka sani.

Mai Kamfas:
Baba Dattijo ya gama magana a kan hanya, ni zan ƙara a kan waya, tun da da ita Baban Amira ya dogara. Mutane da yawa ba su san cewa na'urar GPS da ke cikin waya ba ta buƙatar sabis ba, domin daga taurarin ɗan'adam take karɓar saƙo kai tsaye, kuma aƙalla huɗu take buƙata ta gane inda kake. Abin da ke buƙatar intanet shi ne hoton taswirar, saboda haka a sauke shi tun a gida. Sannan a kunna manhajar da ke zana sawun tafiya tun daga mota, domin da Baban Amira ya yi haka, da mararrabar nan ba ta ci masa minti ɗaya ba. Rauninta a rana mai zafi shi ne batir. Hasken fuskar waya yana ƙurewa don a iya gani a rana, wayar tana ta neman sabis da babu, ga zafi. Kamfanin Apple ma ya ce an ƙera wayoyinsa su yi aiki ne tsakanin digiri 0 da 35, kuma wayar da aka ajiye a kan dutse mai zafi tana iya ɗaukewa har sai ta huce. Don haka nake tafiya da taswirar takarda da kamfas. A taswira mai ma'aunin 1:25,000, santimita 4 ita ce kilomita ɗaya a ƙasa, kuma da wannan kaɗai mutum zai iya auna tafiyarsa da zare.

Ina kuma rataye usur a jakata. Alamar neman taimako da aka sani a tsaunuka ita ce busa shida a cikin minti ɗaya, a yi shiru minti ɗaya, a maimaita, mai amsawa kuma ya busa uku. Ina so in tambaye ka, Baban Amira: akwai wanda ya san takamaiman tsaunin da kuka hau da lokacin da ya kamata ku dawo?

Baban Amira:
Babu, ɗan'uwa. A gida mun ce za mu tsauni, ba mu faɗi wanne ba. Sai yanzu da ka tambaya na ga girman abin, domin da ɗayanmu ya gurɗe ƙafa a kan falalen nan, ba a san ma inda za a fara nema ba.

Maman Sadiq:
Wani abu kuma da ba a taɓo ba shi ne hadari. A wurare da yawa safiya mai haske da zafi ita ce ke haifar da tsawar la'asar, domin ƙasa ta ɗumama, iska mai zafi ta tashi, tsauni kuma yana ƙara tura ta sama. Idan ka ga farin gajimare ya fara tsayi yana taruwa a kan ƙololuwa, lokacin sauka ya yi. Tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa, kowane daƙiƙa uku kusan kilomita ɗaya ne, kuma duk wanda ke jin ƙarar yana cikin inda aradu za ta iya kai wa.

Baban Amira:
Na nuna wa ƙanena duk abin da aka rubuta, ya kuma ce in isar da amsarsa yadda ya faɗa. Ya ce ya yarda ruwan ya gaza, kuma ya amsa cewa tun wajen ƙarfe ɗaya kansa yake ciwo bai faɗa mini ba, don kada in ce mu koma. Amma ya ce har yanzu yana tare da Ɗan'auta a abu guda, cewa ba ya son ranar da za mu daina zuwa wuraren da ba mu sani ba. Ni ma ba na so. Shahon nan da muka gani daga sama, ba a taswira muka same shi ba.

Jiya da dare mun buɗe taswirar a kwamfuta mun bi layukan tsayin kamar yadda Safiyo ya bayyana. Kafaɗu uku ne, kuma mun juya ne a ƙasan ta ukun. Abin da ya rage mana mita 800 ne na tafiya da hawan mita 120, wanda a lissafin Naismith minti 22 ne, a irin tafiyarmu ta ranar kuma fiye da minti 45, ban da dawowa.

Ɗan'auta:
Ke nan da kun ci gaba, da kun ƙara fiye da sa'a guda a rana da kwatan lita kowannenku, ɗaya kuma kansa yana ciwo. Ban san da ciwon kan ba lokacin da na yi magana, kuma da na sani da ban ce a ci gaba ba. Yaya, yaushe za ku koma? Idan akwai wuri, ina so in bi ku.

Baban Amira:
Asabar ta sama, in Allah ya yarda, kuma akwai wuri. Za mu kama hanya da ƙarfe 6:30 na safe, kowa da lita uku da malafa, kuma za mu juya da ƙarfe 11:00 ko lokacin da ruwa ya kai rabi, duk wanda ya riga zuwa. Zan bar wa maiɗakina sunan tsaunin da inda za mu ajiye mota da lokacin da za ta fara neman mu idan ba ta ji daga gare mu ba. Baba Dattijo, a mararrabar nan akwai wani dutse mai farin zane a gefen hagu idan ana hawa. Shi zan ɗauka hoto daga sama, ta fuskar da zan gan shi idan muna gangarowa.